...And Justice for All: kundin Metallica na 1988

...And Justice for All shi ne kundin waƙoƙi na huɗu da ƙungiyar Metallica ta Amurka ta fitar, a shekarar 1988 ƙarƙashin kamfanin Elektra. Yana cikin manyan ayyukan tsohon salon thrash, wato reshen kiɗan metal mai sauri da zafin jita wanda ya bunƙasa a farkon shekarun 1980. Waƙoƙi tara ne a ciki, tsawonsu ya haura minti 65, abin da ya sa aka buga shi a fayafayen garmaho biyu. Ya kai mataki na 6 a jadawalin Billboard 200 na kundayen da suka fi kasuwa a Amurka.

An naɗe shi a sutudiyon One on One da ke Los Angeles daga Janairu zuwa Mayun 1988. Mike Clink ne ya fara jagorantar naɗin, amma aikin bai yi daɗi ba, sai aka dawo da Flemming Rasmussen ɗan ƙasar Denmak, wanda ya yi musu kundinsu na baya, Master of Puppets. Wannan ne cikakken kundi na farko bayan rasuwar mai jitar bas (jita mai kaurin sauti) Cliff Burton a hatsarin motar bas ɗin da suke tafiya a ciki a Suwidin, ranar 27 ga Satumban 1986. Jason Newsted, daga ƙungiyar Flotsam and Jetsam, ya maye gurbinsa.

Ƙarfin kundin yana cikin jitar James Hetfield. Yawancin salonsa da bugun ƙasa yake yi, kowane bugu daga sama zuwa ƙasa, gefen tafin hannu na danne igiyoyin kusa da gindin jita don sautin ya yanke nan take. An naɗe wannan jita sau da dama an ɗora kan juna, kuma bugun ya zo daidai har mai sauraro ya ɗauka jita ɗaya ce mai kauri. Waƙoƙin suna yawan sauya awo da gudu a tsakiya. Gabatarwar "Blackened" jitoci ne da aka naɗa aka juya su baya. A "One" kuwa, kiɗan yana farawa a hankali, sannan a ƙarshe gangunan ƙafa biyu na Lars Ulrich su haɗu da jita su riƙa amo kamar bindiga mai sarrafa kanta, daidai da labarin sojan da yaƙi ya raba da gaɓoɓinsa. Waƙar ce ta fara samun bidiyo a tarihin ƙungiyar, kuma ta ci kyautar Grammy a 1990. Baitocin kundin sun tafi kan lalacewar shari'a, yaƙi, toshe bakin jama'a da halakar muhalli.

Rauninsa da aka fi magana a kai shi ne haɗa sauti, wato daidaita ƙarfin kowane kayan kiɗa bayan an naɗa. Steve Thompson da Michael Barbiero ne suka yi wannan aiki a sutudiyon Bearsville a jihar New York, ba tare da Rasmussen ba, lokacin da ƙungiyar ke tsakiyar rangadin Monsters of Rock. Jitar bas kusan ba a jin ta. Dalilai biyu ne suka haɗu. Na farko, Newsted yana bin salon Hetfield sau da ƙafa, bai ware wa kansa hanya ba kamar yadda Burton kan yi. Igiyar E ta ƙasa a jita tana kusan hez 82 (hez ma'aunin kaifin sauti ne), ta bas kuma kusan 41, don haka amon bas na sama yana faɗawa daidai inda jita take. An rage tsakiyar sautin jitar an ƙara mata ƙasa, sai ta cinye wurin. Na biyu, Thompson ya bayyana daga baya cewa Ulrich ne ya nemi a sauke bas ɗin ƙasa sosai. Gangunan ma sun fito a bushe: ta ƙafa tana ƙas-ƙas babu nauyi, babu amsa-kuwwar ɗaki. A lasifika mai kyau ne ma ake ƙara jin wannan gibi, kuma asara ce ta gaske, domin kiɗa mai wannan tsari ya cancanci gindi mai ƙarfi.

Rauni na biyu shi ne tsayi. Waƙar da kundin ya ɗauki sunanta da "To Live Is to Die" kowacce ta kusa minti 10, kuma a wasu wuraren salo ɗaya yana dawowa fiye da yadda waƙar ke buƙata. A dandali ma sun yi wuya: "Dyers Eve" ba a buga ta gaban jama'a ba sai 2004. Kundin da ya biyo baya a 1991, wanda Bob Rock ya jagoranci naɗinsa, ya zo da gajerun waƙoƙi da bas mai ji.

A 2018 an sake fitar da kundin don cikarsa shekara 30, an goge sautin gaba ɗaya amma ba a sake haɗa shi ba, don haka bas ɗin Newsted ya ci gaba da zama inda aka bar shi.