Waiwaye: Daga kankare kwalin magani zuwa likitan cikin waya

Da yawa a Bauchi za su tuna lokacin da aka fara kankare kwalin maganin zazzaɓin cizon sauro kamar katin waya. A 2010 ne hukumar NAFDAC ta ɓullo da tsarin. Kana tsaye a kyamis, ka sa farce ka kankare azurfar jikin kwalin, ka tura lambar ta tes, kafin a miƙo maka canji amsa ta shigo: na gaske ne ko jabu. Jama'a sun yarda da amsar ne saboda sun san hukumar da ta tsaya mata.

Daga nan sai fasaha ta yi gaba, doka na biye da ita tana ɗingishi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce bayanan majiyyaci sirri ne, amma a lokacin yawancin bayanan suna kan kati ne a ɗakin ajiya na asibiti. A 2019 NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, ta fitar da ƙa'idar kare bayanan jama'a, a shekarar ce kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagorarta ta farko kan amfani da fasahar zamani a kiwon lafiya. Zuwan korona a 2020 ya sa ganin likita ta waya ya yawaita. Sai a watan Yunin 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu kan cikakkiyar dokar kare bayanai, wadda ta saka bayanan lafiya cikin waɗanda suka fi buƙatar tsaro.

Duk wannan ya fi karkata ga sirri. Inganci fa? Nan ne hankalina bai kwanta ba. Likita yana da lasisi, magani yana da lambar NAFDAC, amma manhajar da ke tambayarka inda ke maka ciwo ta faɗa maka cutarka, mai amfani da ita ba shi da abin dubawa. Bara ƙanwata a Azare ta turo min saƙon murya daga wani "dakta" na WhatsApp, yana lissafa mata magungunan hawan jini alhali ko awon jininta bai yi ba. Na ce mata, "Don Allah kar ki sha sai an gwada ki." Ta ji maganata, amma ba kowa ne ke da wanda zai tuntuɓa ba.

A 2023 ne aka naɗa ɗan Misau, Farfesa Muhammad Ali Pate, ministan lafiya na tarayya, kuma an ɗauko aikin mayar da bayanan asibitoci cikin kwamfuta. Roƙona shi ne a haɗa da rajistar manhajoji da likitocin waya, kowa da lambarsa, yadda mace a Azare za ta tura ta tes daga ƙaramar wayarta a ba ta amsa da Hausa.