Waiwaye: Layin da Mai Sayen Sabuwar Mota Ba Ya Gani

A farkon 2022 kawuna, mai jigilar kaya tsakanin Damagaram da Tanut, ya sayar da tsohuwar motarsa, ya cika kuɗi ya kai kafin alƙalami wurin wani dillali a Yamai, a kawo masa fikap sabuwa dal. Aka ce masa wata uku. Rasit ɗin ya daɗe a aljihun gaban rigarsa har ya fara yagewa a wurin ninki. Duk lokacin da ya buga waya amsa ɗaya ce: "Alhaji, a ƙara haƙuri, kasonmu bai fito ba."

Kawu ya ɗauka juya kuɗinsa ake yi. Ni ma na zaci haka, sai daga baya na gane mutumin gaskiya yake faɗi.

Kamfanin ƙera mota ba ya jiran odar mutum ɗaya ya tashi injina. Tun watanni kafin lokaci yake tsara adadin da zai ƙera, ya raba wa ƙasashe, wakilin kowace ƙasa kuma ya raba wa na ƙasa da shi. Ma'aunin rabon yawanci cinikin baya ne: wanda ya sayar da yawa bara shi ake ƙara wa bana. To ƙasar da galibin jama'arta motar Kwatano suke hawa, nawa za a ware mata? Ɗan abin da ya samu kuma, mai sayen mota ashirin a lokaci guda, ma'aikata ce ko ƙungiyar agaji, kusan kullum yana gaban mai sayen ƙwaya ɗaya. Kuɗin da ka ajiye wuri kawai ya kama maka a layi, layin da ba ka san mutum nawa ke gabanka ba.

Da can, lokacin da kaya ke wadace, ba wanda ya damu da wannan tsari. Korona ce ta tona shi. Daga ƙarshen 2020 aka shiga ƙarancin cip, ƴan ƙananan na'urorin lantarkin nan da motar zamani ba ta tashi sai da su. A Maris 2021 gobara ta kama masana'antar Renesas a Japan, ɗaya daga cikin manyan masu samar da su. A Satumbar shekarar Toyota ta rage abin da ta yi niyyar ƙerawa da kashi 40 cikin 100. A Janairun 2022 kamfanin da kansa yana gaya wa mutanen Japan cewa mai son Land Cruiser 300 zai iya jiran shekara huɗu. Idan ɗan gida zai yi wannan jira, ina ga na unguwar Birni ko Zango a Damagaram?

Ana cikin haka, a Afrilun 2022, ambaliya ta shanye masana'antar Toyota ta Durban a Afirka ta Kudu, inda ake ƙera Hilux, aiki ya tsaya kusan wata huɗu.

Cip ya fara samuwa ke nan sai namu ya taso. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, ƙungiyar ƙasashen Yammacin Afirka ta CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, gadar Malanbil da Gaya da ke kan iyakar Nijar da Benin ta rufe. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma Nijar ta bar nata ɓangaren iyakar Benin a rufe, kaya suka koma bin Lome, su ratsa Burkina Faso cikin ayari da rakiyar soja. Wato ko sunanka ya fito a kaso, akwai jiran teku, jiran ayari, jiran duwan, sannan kusan kilomita 900 daga Yamai zuwa nan Damagaram.

Abin da ke ci mini rai shi ne ba a yi wa mai saye wannan bayani ranar da yake ƙirga kuɗi. Kawu ya yi wata bakwai yana hayar motar wasu, ribar tana tafiya can, da ya san haka da bai yi gaggawar rabuwa da tasa ba. Wani tsohon direba a tashar Agadas ne ya ce masa, "Alhaji, daina tambayar yaushe. Ce su ba ka lambar shasi. Motar da ba ta da lamba ba a ƙera ta ba tukuna."

Ya tambaya, babu lamba. Sai a wata na tara aka kira shi: wani ya janye odarsa, akwai guda a hanya, amma fara ce, ba ruwan toka da ya zaɓa ba, kuma farashi ya ƙaru. Kawu ya ce a turo lambar tukuna. Da ta shigo wayarsa ya kwafe ta a bayan tsohon rasit ɗin, ya tafi neman cikon kuɗi.