Kakar Ojibwe da kuke ta tambayata a kanta

Tun da na ce na je taron cika shekara da rasuwar kakar maƙwabciyata a nan Minnesota, Amurka, tsohuwa 'yar Ojibwe mai son harshenta amma 'ya'yanta ba su iya shi ba, tambayoyi iri ɗaya ake ta jero min. Ga amsa wuri guda. Don Allah a karanta kafin a sake kirana.

Su wane ne Ojibwe? Mutanen Indiya ne?

A'a. Ba abin da ya haɗa su da Indiya. 'Yan asalin ƙasa ne a Amurka da Kanada, suna gefen manyan tafkuna tun kafin Bature ya zo: Minnesota, Wisconsin, Michigan, Ontario, Manitoba. Su da bakinsu Anishinaabe suke cewa.

Yaya suke kiran kaka?

Nookomis, wato kakata. Na gode kuma miigwech.

In tana son harshenta haka, me ya hana 'ya'yanta su iya?

Wannan tambayar tana ɓata min rai, don zargi ne a cikinta, kuma zargin bai faɗa kan mai laifi ba. Daga 1879, da aka buɗe makarantar kwana ta Carlisle a Pennsylvania, gwamnati da coci-coci suka tsananta kwashe yaran 'yan asali daga hannun iyayensu. A aske musu gashi, a canja musu suna, wanda ya yi yarensu ya sha duka. Kanada ba ta rufe na ƙarshen irin makarantun nan ba sai cikin shekarun 1990. Firaminista Harper ya nemi gafara a 2008, Shugaba Biden a 2024. Tsohuwar nan ta yi irin makarantar. Da ta haihu sai ta yi wa 'ya'yanta Turanci zalla, don kada su sha abin da ta sha. Sai a kan jikoki bakinta ya buɗe. Maƙwabciyata ta ce a kicin ta koya: in ba ta faɗi sunan gishiri da yarensu ba, kaka ba za ta miƙo ba. Wanda bai taɓa shan bulala a kan Hausa ba ya yi hattara da bakinsa.

To harshen ya mutu ke nan?

Bai mutu ba, ku kwantar da hankali. A Kanada masu jinsa sun fi yawa. A Wisconsin akwai makarantar Waadookodaading, inda har lissafi da Ojibwe ake koyarwa. Jami'ar Minnesota ta saka ƙamus a intanet a 2012, da muryoyin dattawa. Kuma ku riƙe sunan Maude Kegg ta yankin Mille Lacs a Minnesota, wadda aka haifa a 1904 ta rasu a 1996. Kakarta ce ta raine ta, ita kuma ta zauna da masana harshe ta ba su labaran ƙuruciyarta da yaren, aka rubuta.

Wace shinkafa ce kika ce an ci?

Manoomin. A tafki take fitowa. Ƙarshen Agusta zuwa Satumba mutum biyu su shiga kwalekwale, ɗaya na turawa da dogon gora, ɗaya na riƙe da sanda biyu, ya tanƙwaro kan da ɗaya ya kaɗe da ɗaya. Sai a shanya, a soya, a tattake, a sheƙe a faifan ɓawon itace. Wadda aka ba mu jikokin ne suka kaɗo a tafkin da kakar ta saba kai su.

An gayyace ni irin wannan taron, ni Musulmi ne. Me zan kai, me zan guje wa?

Nan ba zan yanke maka hukunci ba, don gida-gida ne. Wasu Kirista ne, wasu na bin addinin gargajiya, wasu sun haɗa. Fara tambayar wanda ya gayyace ka, ba abin kunya ba ne. A wasu gidajen ba a ambaton sunan mamaci ko kafa hotonsa sai shekara ta cika, a wasu kuwa hoton na kan tebur. Saurara ka ji yadda suke ambatonta, ka bi. Abinci ka kai, ban ga inda aka ƙi shi ba. Dattawa ke fara ɗiba. Za ka iya ganin an tsakuri kowane abinci an zuba a ƙaramin kwano an fita da shi waje, na mamaciyar ne, kada ka taɓa. Naman barewa yawanci harbi ne ba yanka ba. Ni kifi da shinkafa na ci, kai ka san inda ka tsaya.

Mai wuyar ita ce taba, asemaa. Ba ta busawa ba ce irin sigari. In za ka roƙi dattijo ilimi, ita ake miƙa masa. In kuwa aka ce a zuba a wuta ko a ruwa, addu'a ce, ibada ce a wurinsu. Ni da aka zagayo da ita, da kuma hayaƙin ganyen da suke shafawa a jiki, na dafa ƙirji na ja baya kaɗan. Ba wanda ya harare ni, amma ban ce ko'ina haka ne ba, gara ka gaya wa mai gida tun kafin ranar. Batun yi wa mamaciyar addu'a ka kai wa malaminka. Masu rai dai ka ba su haƙuri, ka zauna da su. Waya ta zauna a aljihu, ba hoto, ba wa'azi.

Ki ba mu tatsuniyar Wenabozho, wanda kakarsa ta raina.

Wenabozho jarumin tatsuniyoyin Ojibwe ne, amma ba zan bayar ba. Sai dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa ake ba da ita, kamar yadda aka hana mu tatsuniya da rana. Yanzu ganye kore ne shar, kuma labarin ba nawa ba ne.