Idan damuwa ta danne ka, tashi ka ɗan taka

Jama'a assalamu alaikum. Akwai abin da muke yawan gani a asibiti, mutum ya zo kai na ciwo, wuya ya riƙe, dare ya yi barci ya ƙi zuwa, a yi gwaji babu maleriya babu taifot, sai ka zaunar da shi ka bi shi a hankali sannan ka ji ashe bashi ne ko kuɗin makarantar yara ko rigimar gida ke cin sa.

Duk sanda hankalinka ya tashi jiki na sakin sinadaran adirenalin da kotizol, zuciya ta hau bugu da sauri, tsoka ta ɗaure, jiki ya yi shirin gudu ko kokawa, to kai kuma kana kwance a ɗaki kana latsa waya kana saƙa da warwara. Motsa jiki na sassauta wannan ɗaurin, kuma yana sa ƙwaƙwalwa ta saki endofin mai rage zafin ciwo da sanyaya rai, barci ma ya gyaru.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na motsa jiki a sati, minti 30 sau 5 ma ya cika 150 ɗin. Ba sai ka biya kuɗin gidan motsa jiki ba. Bayan sallar asuba kafin rana ta yi zafi ka zaga unguwa da ɗan sauri, yadda numfashi zai ɗaga amma kana iya magana. Ko ka sauka daga adaidaita kafin a kai ka ƙofar gida.

Iyayena mata da ƴan uwa, wallahi ku na fi ji, musamman masu wuni a gida da abu a zuciya ba wanda za a faɗa wa. Tsakar gida ta isa, ki zaga ta, ki yi tsallen igiya ko ki kunna waƙa ki taka rawa da yaranki. Kar ki jira sai kin ji sha'awa, damuwa ba ta barin mutum ya ji sha'awar komai, ki fara da minti 10 kawai.

Mai hawan jini ko ciwon zuciya ko juna biyu a fara tambayar ma'aikacin lafiya. Idan kuma ƙuncin ya wuce sati 2, ko tunanin kashe kai na zuwa maka, don Allah kar ka tsaya ga tafiya kaɗai, ka je asibiti mafi kusa, akwai kuma na ƙwararru kan lafiyar ƙwaƙwalwa a Dawanau ta Kano da Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato.