Ganye mai dabbaren fari: ado ne ko wahala?

Duk wanda ya tsaya wajen masu sayar da fulawa a bakin titi, ko a Ikoyi ko a Ikeja a Legas, ya san abin: tukwane biyu, shuka iri ɗaya, amma mai fari-fari ta ninka mai kore kuɗi.

Me ya kawo tsadar?

Koren ganye shi ke dafa wa shuka abinci da hasken rana. Inda ya yi fari, wurin ba ya aiki, ci kawai yake yi. Shi ya sa irin wannan shuka take girma a hankali, ga saurin ƙonewa a gefen ganye. Ƙarancinta ne kuɗinta. A 2021 an sayar da wata mai dabbare a New Zealand kan dalar ƙasar 27,100.

Monstera Albo ko Thai Constellation?

A nan masu tara shuke-shuke suke raba gari. Dukansu biyu nau'i ne masu dabbare na Monstera, shukar ado mai faffaɗan ganye mai tsage-tsage. Asalin Monstera kudancin Meziko ne da Amurka ta Tsakiya. Albo ta fi ɗaukar ido, wani ganyen rabi fari fat, rabi kore shar, sai dai ba ta da alƙawari: yau dabbare, gobe ta koma kore zalla. Thai Constellation kuwa a ɗakin gwaji ake yawaita ta, kuma ɗigo-ɗigonta masu kalar madara ba sa gudu. Ni dai ita zan ce sabon shiga ya saya. In kuma Albo ce ta shiga ranka, kada ganye ya ruɗe ka, duba kara. In babu zanen fari a jikin karan, musamman wajen idon da zai tsiro, kuɗinka ne a ruwa.

Dashe a ruwa ko a ƙasa?

Kowanne ya yi, muddin ka yanko da gaɓa. Ganyen Monstera ko Pothos (wata shukar ado mai yaɗo) da babu gaɓa zai daɗe a kwalba yana kyau, amma ba zai fid da sabon tsiro ba. Daɗin ruwa shi ne kana ganin saiwa tana fitowa. Sai dai a riƙa canza shi, don sauron Legas ba ya jiran gayyata. A ƙasa kuwa ruɓewa ce matsala, da damina musamman. Gauraya ƙasar da ɓawon kwakwa da gawayi, tukunya kuma ta kasance da huji a gindi.

Na dasa ganyen Sansevieria mai gefe rawaya, ya fito kore. Me ya faru?

Haka take. Wannan 'yar gida ce, asalinta Afirka ta Yamma, 'yar'uwar moda. Yankan ganye ba ya ɗauko rawayan. Zazzage tukunyar, ka raba gindin da wuƙa mai tsabta, kowane ɓangare da saiwarsa.

Gidan da akwai yara fa?

Ɗora Monstera da Pothos inda hannu ba ya kai. Ruwan jikinsu yana sa ƙaiƙayi da kumburin baki in aka tauna.