Waiwaye: fulor da asid ɗin likitan haƙori, tsoro biyu da sunka haɗu a Maradi

Ɗiyar ƙanwata ce anka kai wajen likitan haƙori, turminta na baya ya fara rami. Ina tsaye ya ɗiga wani shuɗin abu mai kauri kamar man shafawa bisa haƙorin, ya ɗan jira, ya wanke, ya busar da iska, sai wurin ya yi fari fat kamar an goga alli. Asid ne. Shi ke cin saman ɓawon haƙori kaɗan, ya bar ƴan ramukan da ido bai gani, abin cikewa ya shiga ciki ya kama. Da ya ce daga baya zai shafa mata fulor, sinadarin da ake sawa don hana ruɓewar haƙori, sai uwar ta zabura, ta ce likita don Allah a'a, mu ƴan Tibiri ne.

Wallahi ban ga laifinta ba. Tun tsakiyar shekarun 1980 har wajen 2000 yaran Tibiri sunka sha ruwan fanfo mai fulor da ya ninka ƙa'ida, alhali hukumar lafiya ta duniya miligiram 1.5 ta yarda da shi a lita, haƙora sunka yi ja, wasu ƙafafu sunka lanƙwashe, har yau muna haɗuwa da su a kasuwa sun zama manya.

Amma su ma likitoci sun daɗe da nasu tsoron, ta wata fuska daban. Dabarar asid ɗin nan Michael Buonocore ya fito da ita a 1955 a Rochester ta Amurka, kuma wajen masu fenti ya ɗauko ta, ya ga suna wanke ƙarfe da asid ɗin fosforik kafin su shafa fenti don ya kama, ya gwada bisa haƙori da mai ƙarfin kashi 85 cikin 100 na sakan 30. Daga baya anka sauko wajen kashi 37. To kafin nan da shekara goma, 1945, garin Grand Rapids na Amurka ya fara zuba fulor a ruwan sha don hana ruɓewar haƙori, kuma babban amfanin fulor shi ne ya sa ɓawon ya yi taurin kai gaban asid, ɓawon da bai samu fulor ba yana fara narkewa wajen pH 5.5, wanda ya samu sai wajen 4.5 (pH ma'aunin tsami ne, in lambar ta yi ƙasa tsamin ya fi ƙarfi). Ka ga inda matsalar take, abu guda yana hana asid ci, ɗayan kuma so yake asid ya ci.

Shi ya sa anka daɗe ana koyar da cewa kar a shafa fulor gab da cikewa ko manna ƙarfen gyaran haƙori. Haƙoran nono kuma har minti 2 ake bar musu asid, saboda samansu bai da tsari irin na manya. Yaro ɗan shekara 5 ya buɗe baki minti 2 miyau bai taɓa wurin ba, wanda ya taɓa riƙe yaro a kujerar nan ya san wahalar. Gwaje-gwajen da anka yi daga baya sunka nuna asid ɗin likita ya fi tsamin baki ƙarfi nesa ba kusa ba, man goge baki mai fulor bai tare shi, lokacin ya dawo sakan 15 zuwa 30. Abin da ya rage kawai shi ne man fulor mai danƙo da ake shafawa, shi a fara cikewa tukuna sannan a shafa, kamar yadda likitan nan ya yi niyya.

Inda maganar ba ta mutu ba shi ne haƙori irin namu, wanda fulor ya shiga tun yana tsirowa cikin dasashi. In tabon ya yi tsanani asid bai cinsa da sauri, sai an ƙara lokaci, wani sa'in ma a ɗan kankare saman. Yarinyar ba ta sha wancan ruwa ba, haƙoranta farare ne, anka cike anka shafa mata. Uwar ce da nata ya tashi ciwo na ce ta fara gaya wa likita ruwan da ta sha tana ƙarama kafin ya taɓa komi.