Kunkurun teku: magana ga masu saye a bakin ruwa

Daga wajen watan Satumba har zuwa Maris, duk mai zama a gaɓar tekun Ghana, tun daga Ada zuwa Winneba har can yamma wajen Axim, ya san lokacin fitowar kunkurun teku ne. Cikin dare macen ke fitowa daga ruwa, ta ja jiki a kan yashi da ƙyar, ta haƙa rami da ƙafafunta na baya, ta zuba ƙwai, ta binne, ta koma. A daidai wannan lokacin ne kuma namansa da ƙwansa da mansa da ƙoƙon bayansa ke ɓulla a kasuwa ta bayan fage. Aikina wayar da kan masunta ne, amma su kullum muna tare a bakin ruwa, sun ji har sun gaji. Yau da mutanenmu na zango nake magana: dillalan kifi, iyayenmu mata masu banda, masu kasa kayan maganin gargajiya, da duk wanda ke sammakon zuwa gaɓa da kuɗi a aljihu. Ba ma shiga teku, gaskiya ne, amma abin da ya fito daga cikinsa ta hannunmu yake bi ya shiga gari. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Duk kunkurun da aka kama a kan yashi, mace ce. Namiji tun ranar da ya shiga ruwa yana ɗan ƙyanƙyasa, da wuya ya sake taka tudu har ya mutu. Wadda aka kife a bayan kwalekwale ana jiran mai saye uwa ce da ta zo saka ƙwai, kuma ba jiya aka haife ta ba. Iri bakwai ne na kunkurun teku a duniya, uku daga ciki ke yawan ƙwai a gaɓarmu. Akwai ƙaramin nan mai ruwan toka-toka, wanda ya fi yawa, shi yakan kai shekara goma sha wani abu kafin ya fara. Akwai koren kunkuru mai cin ciyawar teku, shi sai ya yi shekara 20 zuwa 30, wani lokaci fiye. Sai babbansu, baƙin nan mai bayan fata da layi-layi a tsaye, wanda ba shi da ƙoƙo mai tauri. Irinsa aka taɓa samu a gaɓar Wales a 1988, ya kai kilo 916.

Ƙwai kusan 100 take zubawa a rami guda, kuma takan dawo ta sake fiye da sau ɗaya a kakar. Mai jin haka zai ce ai abin da yawa, in an ɗebi rami ɗaya me ya ragu? To ga yadda lissafin yake. Tun ƙwan na cikin yashi karnuka da aladu ke tono. Bayan kusan wata biyu 'ya'yan su fito, kowanne bai cika tafin hannu ba, su kama gudu zuwa ruwa, ƙaguwa na ɗauka, hankaka na sura. Wanda ya tsira ya faɗa ruwa, manyan kifaye na jiransa. Ƙiyasin da masana suka fi ambata shi ne, cikin 1,000 ɗaya ke kai wa girma. Uwar nan da ake tayawa a bakin ruwa, ita ce ɗayar.

Kuma in ta tafi, babu wadda za ta zo daga wata ƙasa ta maye gurbinta. Macen kunkuru yankin da aka ƙyanƙyashe ta take komawa ta yi ƙwai, ko da ta yi shekaru tana yawo a nesa. Farfesa Kenneth Lohmann na Jami'ar North Carolina a Amurka ya daɗe yana nazarin wannan, ya nuna cewa kunkuru yana jin maganaɗisun ƙasa a jikinsa, da shi yake gane hanya a tsakiyar teku inda babu alama ko ɗaya. A Gabon, inda masu bayan fata suka fi taruwa a duniya, masu bincike na Jami'ar Exeter ta Ingila sun liƙa wa wasu mata na'urar da tauraron ɗan'adam ke bi, sai ga wasunsu sun ƙetare Atlantika sun nufi Kudancin Amurka, tafiyar fiye da kilomita 7,000. Da lokacin ƙwai ya yi, gida za su nufo. Gaɓar da aka cinye iyayenta, shiru za ta yi shekara da shekaru.

Yashin ma ba ajiya kawai yake yi ba. Zafinsa ne ke raba mace da namiji tun a cikin ƙwai. In yana wajen digiri 29, a samu rabi da rabi. Ya haura, mata su rinjaya, ya sauka, maza. A arewacin Ostareliya wani bincike da aka fitar a 2018 ya gano cewa cikin ƙananan koren kunkuru da suka fito daga gaɓoɓi masu zafi, fiye da kashi 99 cikin 100 mata ne. Don haka masu sare bishiyar kwakwa a gaɓa suna ɗauke inuwa, da masu tifa da ke kwasar yashi cikin dare, ɓarnarsu ba ta gaza ta mai wuƙa ba. Har mai kyakkyawar niyya yakan yi ɓarna: ya ga rami, ya ji tausayi, ya kwashe ƙwan ya kai gida ya binne a bokiti. Da zarar ƙwai ya yi 'yan awoyi a rami, juya shi kaɗai na iya kashe abin da ke ciki. A bar shi inda uwarsa ta sa shi. Haka batun wuta. 'Ya'yan da suka fito haske suke bi, a gaɓa mai duhu kuwa sararin teku ya fi haske. In akwai ƙwan lantarkin shago ko fitilar mota a bayansu, sai su juya su nufi titi.

Yanzu maganar cikinmu. Na sha jin ana cewa abin ruwa ne, ya halatta. Fatawa ta malamai ce, ba zan shiga gonarsu ba. Abin da zan faɗa na lafiya ne. A watan Maris na 2024, a tsibirin Pemba na Zanzibar, yara 8 da babba 1 suka rasu bayan cin naman kunkurun teku, aka kwantar da wasu 78 a asibiti. A tsibirin dai, a Nuwamban 2021, mutum 7 suka rasu, har da yaro ɗan shekara 3. A Madagaska ma, a Maris na 2021, mutum 19 ne, 9 daga ciki yara. Irin wannan guba an fi ganinta a yankin tekun Indiya da Fasifik, amma babu mai duban nama ya ce wannan yana da ita, wancan ba shi da ita. Ba ta da wari, ba ta canja launi, kuma dahuwa ba ta kashe ta, banda ma haka. Tana farawa da ƙaiƙayin baki da maƙogwaro, amai da ciwon ciki, daga baya gyambo a harshe, mutum ya kasa haɗiya, in ta yi tsanani ya suma. Ba ta da makari, sai dai a taimaka wa jiki a asibiti. Abin da ya fi tayar da hankali, tana bin nono: an samu jariran da suka rasu alhali uwa ce ta ci. Duk gidan da aka ci wannan nama aka ga waɗannan alamu, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, a kwashi kowa zuwa asibiti, yara a gaba, a kuma gaya wa likita gaskiyar abin da aka ci.

Masu cewa ƙwansa na ƙara ƙarfin namiji, ko mansa na maganin asma da ciwon gaɓɓai, babu binciken likitanci da ya tabbatar da haka. Ciniki ne kawai. Kuma ciniki ne da doka ta hana. Tun 1971 dokar kare namun daji ta Ghana ta haramta kamawa da kashewa da mallakar kunkurun teku, yarjejeniyar CITES ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji kuma ta hana ƙetare iyaka da shi ko wani sashe na jikinsa. Mai ƙoƙo a shimfiɗarsa a kasuwa ya sani, ba sai an gan shi da wuƙa ba. Mutanen Ada kuwa tun kafin wata doka al'adarsu ta hana su taɓa shi. Baƙon da ya zo garinsu neman abinci bai kamata a ce shi ya kawo kasuwar abin da masu gari ke kiyayewa ba.

Sai dai a yi wa masunci adalci. Yawancinsu ba farautar kunkuru suke fita ba. Sun shimfiɗa raga don kifi, da asuba su tarar ƙaton kunkuru ya nannaɗe a ciki, ya yayyaga ta, ga kuɗin zare, ga kuɗin mai, ga bashin mai jirgi. In ya iso gaɓa ya tarar da mai saye, me zai hana shi sayarwa ya rage asara? In bai tarar da kowa ba, yanke zaren zai yi tun a ruwa ya sake shi, don ɗauko shi wahala ce. Ta ɓangaren raga kuma an samu dabara. Dokta Andrews Agyekumhene, masanin halittun teku ɗan Ghana, da abokin aikinsa Dokta Phil Allman ɗan Amurka, sun yi gwaji tare da masuntan kwalekwale a nan gaɓarmu, suka ɗaura ƙananan fitilu masu koren haske a jikin raga. Kunkuru na hango hasken ya kauce. Sakamakon da suka fitar a 2021 ya nuna kamun kunkuru ya ragu ƙwarai, kifin da ake nema kuwa bai ragu ba. Kafin nan an yi irin gwajin a Peru, aka samu ragin kashi 64 cikin 100. Fitila tana cin batir, batir kuɗi ne, wannan shi ne cikas ɗin da ya rage. Amma masunci na da riba a wani gefen: mai bayan fata abincinsa halittar ruwan nan ce mai santsi da harbi da ke cika raga, da Turanci jellyfish, wadda ita kuma ƙwan kifi da 'ya'yansa take ci. Ita ce ma yake zaton ya gani in ya haɗiye ledar da muka jefa a kwata.

In kana gaɓa aka fito da kunkuru bai motsi, kada a ce ya mutu. Iska yake shaƙa kamar mu, daɗewa a raga ke sa shi suma. Kada a kife shi a bayansa, kada kuma a jefa shi ruwa a haka, nutsewa zai yi. A kwantar da shi rub da ciki a inuwa, a ɗan ɗaga bayansa da taya ko katako don ruwan huhu ya gangaro, a rufe jikinsa da jiƙaƙƙen buhu ban da hanci. Wani cikin awa biyu yake farfaɗowa, wani sai ya kwana. A yi hattara da bakinsa, yana iya datse yatsa. In akwai ɗan ƙarfe mai lamba a hannunsa na gaba, masu bincike ne suka sa, a rubuta lambar a bar ƙarfen a jikinsa. Wadda aka tarar tana saka ƙwai kuma, a kashe tocila, a ja da baya, a riƙe yara da karnuka har ta gama. Ruwan da ke zuba a idonta gishiri ne jikinta ke fitarwa, ba ciwo ba. Da gari ya waye a sanar da ma'aikatan namun daji, akwai su a wuraren da ake kiyayewa na Songor a Ada da Muni-Pomadze a Winneba, inda babu kuma a gaya wa sarkin masunta na wurin.